Kai yara sansanin bayan gari a hutun Disamba: a je ko a bar kuɗin a asusu?

Yaya Babba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Maganar taron zumuncinmu na bana ce. Matasa sun kawo shawara wai maimakon a kama hol a ci shinkafa a ɗau hoto a watse kamar kullum, a kwashi iyalai a tafi wani sansani da ke bayan garin Jos a kwana biyu. Wurin yana da ɗakunan kwana, akwai hawan dutse da igiya, tsallake katanga, lilon waya, harbin kwari da baka, tafiyar ƙafa cikin duwatsu, sai kwale-kwale a wani ruwa da ke kusa da su. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma don Allah a rubuce, masu turo murya ta minti tara ku tausaya mana.

Gwaggo: Wa'alaikumussalam. Ni dai ban gane ba. Mu biya kuɗi a kai mu daji mu sha wahala? Iyayenmu da ƙyar suka baro ƙauye suka shigo gari, yanzu kuma jikoki za su koma da kuɗinsu. Allah ya kyauta.

Auta: Gwaggo ba wahala ba ce wallahi, wasa ne da motsa jiki, kuma akwai katifa da banɗaki fa ba a ƙasa za a kwanta ba

Gwaggo: Ke yi min shiru, ke da ko bokiti ɗaya ba kya iya ɗagawa daga rijiya za ki hau dutse.

Baffa Ma'aji: Kafin a yi nisa, kuɗin da suka faɗa na mutum ɗaya in ka lissafa da yawanmu ya cinye fiye da rabin abin da ke asusu, ban sa kuɗin mota ba, ban sa mai ba. Kuma kun san akwai biki a gabanmu bayan ƙaramar sallah, ga kuɗin makarantar marayun gidan nan a watan Janairu. Ba cewa na yi kar a je ba, lissafi nake ba ku.

Kawu na Bukuru: To bari in sa baki tunda ni na taɓa yin irin wannan horon ina saurayi, a makarantar Man O' War da ke Shere Hills. Gwaggo ki daina ganin abin kamar sabon yayi ne na 'yan Instagram, tsohon abu ne a ƙasar nan. Tun 1951 aka fara shi a gaɓar teku kusa da Victoria ta Kamaru, garin da yanzu ake kira Limbe, wani Bature Alec Dickson ya kafa, su kuma sun kwaikwayo ne daga wata makaranta da aka buɗe a Birtaniya a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu don horar da matasan ma'aikatan jirgin ruwa su iya jure wuya. Yanzu haka hukuma ce ta gwamnatin tarayya mai rassa, ta ruwa na Legas, ta dutse kuma ita ce tamu ta Jos. Duk wanda ya yi bautar ƙasa a cikinku ya san su, su ne masu sa ku rarrafe a ƙarƙashin waya da hawan igiya a sansani.

Ɗan Gwarinpa: Kawu kar ka tuna min, har yau gwiwata ba ta yafe musu ba

Kawu na Bukuru: Kai dama raggo ne tun kana ƙarami. Abin da nake so ku gane, akwai wata katanga da ake sa ku tsallaka, ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, sumul take babu wurin kamawa, kuma ba igiya ba tsani. Dole wasu su durƙusa a taka kafaɗarsu, na farko in ya hau ya kwanta da ciki ya miƙo hannu, a haka a haka har a zo kan na ƙarshe wanda ba shi da kafaɗar da zai taka, shi sai ya yo gudu ya yi tsalle a cafe shi. To tun kafin a fara sai kun zauna kun yi shawara wa zai fara hawa wa zai rage, in kuka tura ƙarfafan duka sama ba mai ɗaga mai ƙiba, in kuka bar gajere a ƙarshe kun makale. A ƙungiyarmu akwai ɗan wani babban mutum da ko gaisuwa ba ya amsawa, ranar da takalmin wani ɗan leburan kuza ya sauka a wuyansa shi kuma ya daure har yaron ya haye, daga ranar ya zama mutum. Wannan ba a koya shi a hol ana cin shinkafa.

Maman Iman: Kawu ni wallahi ka gama min magana. Mu da ke Abuja yaranmu daga gida sai mota sai makaranta sai waya. Ɗana na fari ya shiga sakandare amma bai taɓa hawa ko bishiyar mangwaro ba, rannan a Kubwa ya ga ƙadangare a tsakar gida ya shigo ɗaki da gudu yana haki. Mu da muka tashi a Gangare wane dutse ne ba mu hau ba? Ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Gwaggo: Ku da kuka hau duwatsun nawa kuka biya? Kyauta kuka hau. Su ma a sake su su je su hau, ga duwatsu nan ko'ina a Jos har sun yi yawa.

Maman Iman: Gwaggo a sake su ina? Ke kanki kina barin jikokinki su wuce bakin layi bayan la'asar?

Yaya Babba: Nan kam ta kama ki Gwaggo. Gaskiyar magana tun rikicin 2001, aka zo na 2008 da na 2010, garin nan ya rabu, kowa ya tattara 'ya'yansa ya koma unguwar da hankalinsa ya kwanta. Akwai yaran da aka haifa a Anguwan Rogo yau sun yi aure amma ba su taɓa taka Shere ba, alhali kullum suna hango duwatsun daga gari. Mutane na tasowa tun daga Legas su zo hawa, ƙololuwar ta kai mita 1,829, mu da ke gindinta ko hotonta ba mu da shi. Ni wannan ne ya sa ban yi watsi da shawarar ba tun farko.

Malam Ƙarami: Ta fuskar addini dai babu laifi a motsa jiki, akwai ma maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Abin da zan tambaya uku ne. Wurin kwanan mata daban yake da na maza, da ƙofa mai makulli? Akwai inda za a yi sallah da ruwan alwala wadatacce? Sannan abincin, wa ke yanka?

Auta: Malam ginin mata daban yake na gani a hotunan, abinci kuma sun ce za mu iya zuwa da masu dafa mana mu yi amfani da kicin ɗinsu

Malam Ƙarami: Hoto ba shaida ba ne ƙanwata, amma madalla. Sai kuma ɗaura bel ɗin nan na ƙugu da cinya da ake yi kafin hawa, in namiji ne zai ɗaura wa 'yan mata to ni ban yarda ba. A tambaya ko suna da mace mai horarwa.

Ɗan Gwarinpa: Ko kuma kawai mata su zauna a inuwa su kula da kayan abinci, maza su hau, shikenan an huta

Auta: Lallai ma Yaya. Wato mu biya kuɗi daidai da naku mu je mu yi muku wanke-wanke a daji? Wallahi in haka ne a bar kuɗin a asusu, ni ce ta farko da zan goyi bayan Gwaggo

Maman Iman: Rabu da shi. Bel ɗin nan ba wani abu ba ne, kamar wando ake zura shi, mace za ta iya sa wa 'yar'uwarta mai horarwa ya tsaya daga gefe ya duba da ido ko an ja maɗaurin daidai. A sa dogon wando mai kauri da riga har gwiwa, hijabi kuma ƙarami wanda za a cusa cikin riga don kar ya shiga ƙarfen igiya, hular kwano ta hau kai. Makarantar su Iman sun kai su irin wannan wurin, na bi su a matsayin uwa mai rakiya. Akwai wata yarinya da ta kai saman bango ta ƙame, ba gaba ba baya, ƙafafunta na rawa har daga ƙasa muna gani. Mai riƙe da igiyar bai yi mata tsawa ba, cewa ya yi ta saki hannu ɗaya kawai ta ji ko za ta faɗi. Ta saki, ta ji igiya ta riƙe ta. Ya ce ta saki ɗayan. Tana saukowa hawaye shaɓe-shaɓe ta koma bayan layi wai za ta sake. Samarin da ke mata dariya biyu daga cikinsu ko rabi ba su kai ba.

Anti Nas: Salamu alaikum, yanzu na sauka daga aiki na karanta duka. Kuna ta faman magana a kan igiya da dutse, ni ba su ne suka tsaya min a rai ba. Igiya in mai kyau ce kuma akwai wanda ya san aikinsa a ƙasa, abin da ake samu bai wuce ƙujewa da targaɗe ba. Ruwan nan da Yaya ya ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne abin tsoro. Wane irin ruwa ne? Kogi ne, dam ne, ko kududdufin kuza?

Auta: Anti kamar tafki ne dai babba, ruwan har kore-kore yake yi, ya yi kyau a hoto sosai

Anti Nas: To ai kin ji. Akasarin waɗannan tafkunan masu kyau a hoto da ke Rayfield da Bukuru har zuwa Barikin Ladi ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suna ɗibar kuza suka tafi suka bari ruwa ya cika. Ba su da gaɓa irin ta kogi da za ka shiga a hankali ruwa ya zo maka idon sawu ya zo gwiwa, taku biyu uku ne sai ka ji babu ƙasa. Ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ciki ga sanyi, a Disamba wanda ya iya iyo ma jikinsa na iya sandarewa. Kuma ku cire a ranku cewa mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu kamar a fim, yaro shiru yake tafiya, bakinsa na neman iska ina ya ga damar kiran wani, kana iya tsayawa kusa da shi kana danna waya ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu a wurin aiki mun ga waɗanda aka kawo daga irin waɗannan ramukan, ba na son in ba da labari.

Gwaggo: Innalillahi. Kun ji ko? Ni dama jikina bai ba ni ba.

Anti Nas: A'a Gwaggo, ban ce kar a je ba. Yaranmu na unguwa ai suna zuwa waɗannan ruwayen a ɓoye ba tare da kowa ba, gara ma a kai su inda za a nuna musu haɗarin da idonsu. Sharaɗi nake kafawa. Duk wanda zai shiga kwale-kwale, babba ko yaro, ya iya iyo ko bai iya ba, sai da rigar ruwa daidai jikinsa, a ɗaure ta a kama kafaɗun a ja sama, in ta zame ta rufe masa kunne to ta yi masa yawa, a ruwa fita za ta yi ta bar shi. A ƙirga rigunan a ƙirga yara. Sannan mutum ɗaya aikinsa kawai kallon ruwa, ba hira ba hoto. Wanka a ciki kuwa babu shi sam, ko ba nutsewa akwai tsargiya a ruwan da ba ya gudu, bayan wasu makonni ka ga yaro na fitsarin jini.

Ɗan Gwarinpa: Anti ta yi gaskiya. Ofis ɗinmu sun taɓa kai mu wani wurin shaƙatawa a wajen Abuja, ba zan kama suna ba, a talla komai tsaf, muna zuwa muka tarar rigunan ruwa ba su kai rabinmu ba wasu ma zip ɗin ya mutu, igiyar lilon kuwa duk ta yi gashi-gashi rana ta cinye ta, yaron da ke kula da wurin na tambaye shi yaushe aka canja ta ya ce shi ma sabon zuwa ne. Da wani ya yanke a hannu akwatin maganin da suka kawo auduga ce kawai da man zafi a ciki. Tun daga nan na daina yarda da hoto.

Kawu na Bukuru: Shi ya sa ake zuwa a duba. Igiyar hawa ana bin ta da hannu daga farko har ƙarshe, in ka ji wuri ya yi laushi ko ya kumbura ko bawon ya zare to ta gama aiki. Ƙugiyar ƙarfen kuma mai makulli ce, ana murɗa ta a rufe, mai horarwa na ƙwarai zai matsa ta a gabanka ka ji ba ta buɗuwa. Wurin kirki suna da littafin da suke rubuta ranar da aka sayi kowace igiya. In ka tambaya suka fara kame-kame ka kama hanyarka.

Baffa Ma'aji: Duk na ji. Har yanzu ba wanda ya amsa min maganar kuɗi.

Maman Iman: Baffa mu na Abuja za mu biya wa kanmu da yaranmu, kar a taɓa asusu saboda mu

Gwaggo: Sai 'ya'yan masu shi su tafi hawan dutse, marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi su zauna a gida suna kallon hotuna a waya. Wannan shi ne zumuncin? In za a je a je da kowa, in ba hali a haƙura. Ni a nan na tsaya.

Yaya Babba: Wallahi Gwaggo duk cikin maganganunki na yau wannan ce ta fi shiga ta.

Maman Iman: Haka ne Gwaggo ki yi haƙuri, ba nufina ke nan ba. To kowane gida mai hali ya ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu bayan nasa. Ni na ɗauki biyu.

Ɗan Gwarinpa: Na ɗauki ɗaya, da man bas ɗaya

Baffa Ma'aji: Yanzu aka fara magana. Amma a turo kuɗin tukuna, alkawarin guruf na san shi.

Malam Ƙarami: Ni lokacin ne ma bai kwanta min ba. Disamba a bayan garin Jos? Cikin gari ma wasu dararen sanyi na sauka ƙasa da digiri 10, balle kan dutse da iska. Akwai tsofaffi akwai masu asma. Me zai hana a bari sai dogon hutu?

Kawu na Bukuru: Dogon hutu ai tsakiyar damina ne Malam. Agusta a Filato dutse santsi yake kamar an shafa masa sabulu, ga tsawa, kuma ba a son mutum ya kasance a ƙololuwa ko a kan ruwa in hadari ya haɗu, wani lokacin har ƙanƙara ake yi. Ciyawa ta yi tsawo ba ka ganin inda kake takawa, rafin da ka tsallaka da safe kafin la'asar ya cika ya tumbatsa. Sanyi kuwa maganinsa bargo da rigar sanyi da shayi. A rani dutse a bushe yake takalmi na kamawa. Illa dai hazo zai iya hana ku hango nesa, sai kuma leɓe da zai tsage, kowa ya riƙo man kaɗanya.

Anti Nas: Masu asma su zo da abin shaƙarsu a aljihu ba a jaka ba, ƙurar hunturu na tayar da ita. Kuma ba silifas, takalmi rufaffe da safa, kar yaro ya zura hannu a kogon dutse ko ƙarƙashin itace. Saman Filato ba kamar su Langtang da Shendam ba ne wajen yawan kububuwa amma maciji ba ya ba da sanarwa. In tsautsayi ya faru ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaurewa da igiya, a hana wurin motsi a nufi asibiti. Don haka dole mota ɗaya ta kwana da mu da mai a ciki da direba, kuma a san asibiti mafi kusa tun kafin a je.

Ɗan Gwarinpa: Tsaro fa? Kowa na kewaye-kewaye ba wanda ya faɗa. Mutum kusan bas uku da mata da yara a ƙauye da daddare.

Yaya Babba: Shi ne babban abin da zan je in gani da idona. Akwai katanga, su wa ke gadi, yaya suke da mutanen ƙauyen da mai unguwa, akwai sabis na waya, ofishin 'yan sanda ina yake. Kuma zan tambayi mutanen yankin da kansu ba masu wurin kaɗai ba, don mai kaya ba ya cewa kayansa da aibi. In wani abu ya taso a wannan ɓangaren ko kwana ɗaya ya rage a fasa, ba jayayya. Sannan ba mai sa rana ko sunan wurin a Facebook ko a status, hotuna sai an dawo. Ku na Abuja kuma ku taso da sassafe, ba na son kowa ya hau Hawan Kibo da duhu.

Auta: Yaya in an fasa kwana ai za a iya yin na yini ɗaya ko, a je Assop a ga ruwa ko a shiga Wildlife Park a dawo

Kawu na Bukuru: Wannan yawon buɗe ido ne, shi ma da daɗinsa, amma ba shi muke magana ba. Amfanin kwanan shi ne yaro ya gyara shimfiɗarsa da kansa, ya wanke kwanonsa, ya tashi asuba cikin sanyi ba uwarsa a kusa tana lallashi. Kuma a karɓe wayoyi.

Auta: A karɓe me??

Maman Iman: Na yara dai ko Kawu

Kawu na Bukuru: Har naku.

Gwaggo: To in dai za a karɓe wayar Auta kwana biyu ni ma a sa sunana. Amma ba mai ɗaura min igiya, kujera za a ajiye min a bakin ruwan nan, ni zan yi gadin, in ga ɗan da zai matso ba riga.

Anti Nas: Gwaggo kin samu aiki, amma sai an haɗa ki da wanda ya iya iyo, tsawa kaɗai ba ta fito da yaro daga ruwa

Yaya Babba: To ga yadda za a yi. Ranar Asabar ni da Kawu da Anti Nas da Malam za mu je ba tare da mun sanar da su ba. Kawu igiyoyi, Anti ruwa da akwatin magani, Malam ɗakuna da kicin, ni tsaro. In sun ƙi nuna mana wani abu to magana ta ƙare. Baffa kai kuma ka fitar da sunayen yaran da ke buƙatar a ɗauki nauyinsu ka turo min ta gefe, kar a sa a nan.

Baffa Ma'aji: Man da za ku sha ranar Asabar ɗin daga aljihun wa?

Yaya Babba: Daga nawa Baffa.

Baffa Ma'aji: To Allah ya kai ku lafiya. Ku tambayo ko suna rage wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, kuma a rubuce nake so.